Mai ɗinki ce ta fara lura bayan 'yata ya karkace, maigida kuma yace a rufa maganar

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce a Aboabo nan Kumasi, yarana huɗu, babbar mace ce shekararta 12 tana JHS 1, bata fara al'ada ba tukun. Da ƙaramar sallah na kaita gun madam mai ɗinkinmu, data saka rigar sai gefe ɗaya yafi ɗaya sauka, madam ta warware ta sake ɗinkawa amma haka dai. Sai ta jani gefe tace min ba ɗinkin bane, in duba kafaɗar yarinyar. Dana duba a gida wallahi kafaɗar dama tafi ta hagu tashi, kuma allon kafaɗar ya turo. Tace ba inda ke mata ciwo. Anti na daɗe ina mata faɗa ta dinga tsayawa daidai, har na taɓa dukanta ina zaton iyayi ne. Kuma tun tana shekara 9 take ɗaukar min tiren koko da piya wata zuwa bakin titi, shine nake jin kamar nina jawo mata. Hajiya uwar mijina tace a kaita gun wani maɗori ya ja bayan ya ɗaure, kuma a haɗa da rubutu dan ƙila iska ce. Baban yara yace kar wanda ya ji, zango ba'a sirri, gobe za'a ce 'yarsa mai ƙusumbi ce ta rasa miji, kuma asibiti yanka ta zasuyi ta gurgunce. Mai kantin magani ya bani ƙwayar ƙarin ƙarfin ƙashi. Yarinyar yanzu ko a ɗaki bata cire babban hijabi. Bana barci. Me zanyi?

Wa alaikumus salam 'yar uwata. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma kafin mu je maganar asibiti ko maigida ko Hajiya inaso in fara sauke miki kayan da kika ɗorawa kanki, dan naga shine ke hanaki barci fiye da komai. Tiren koko bai karkata bayan 'yarki ba. Jakar sukul bata yi ba, yadda take zama ko kwanciya shima bai yi ba. Kaya mai nauyi yana sa ciwon wuya da gajiyar baya, wannan gaskiya ne, amma irin karkacewar da kika siffanta min a yarinya 'yar 12 mara ciwo, likitocin ƙashi sun daɗe suna bincike basu samu cewa ɗaukar kaya ne ke kawo ta ba, ana samunta a yaran Ingila da Amurka da basu taɓa ɗora ko kofi a ka ba, kuma ki duba yara nawa ne ke talla daga Aboabo zuwa Kejetia bayansu a miƙe sumul. Faɗan da kika mata kuwa rashin sani ne, kinyi ne kina son ta gyaru. Sai dai ki sani bata iya miƙewar da kike nema, ba taurin kai bane, kuma zan dawo kan wannan dan akwai kalma ɗaya da take jira daga bakinki.

Abin da yafi kama da bayaninki shine karkacewar ƙashin baya, a asibiti zakiji suna cewa sikoliyosis, ki riƙe kalmar dan zaki ganta a takarda. Ba daga wasiƙa ake yanke wannan hukuncin ba, sai an ga yarinya an auna, amma bari in nuna miki yadda abin yake dan kar kije gaban likita kina zare ido. Ƙashin baya ba sanda ɗaya bane, ƙananan ƙasusuwa ne a jere ɗaya kan ɗaya, 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji waɗanda haƙarƙari ke maƙale dasu, 5 a ƙugu, sai na ƙasa da suka haɗe. In kin kalli mutum ta baya ya kamata jerin ya sauko a miƙe daga ƙeya zuwa tsakiyar ƙugu. A wannan larurar jerin yana lanƙwasa gefe kamar harafin C ko S, kuma ba lanƙwasa kaɗai ba, yana murɗewa kamar an matse wanki, to murɗewar nan ce ke tura haƙarƙarin gefe ɗaya baya, shi yasa kika ga allon kafaɗar dama ya turo, shi yasa kuma rigar ta ƙi zama. Madam ɗinki Allah ya saka mata da alheri, idonta ya saba da layi, kuma ta miki mutunci data jaki gefe bata faɗa a gaban 'yan koyo ba. Ba abu bane baƙo a duniya, cikin yara ɗari masu tasowa ana samun kamar 2 zuwa 3 da ita, kuma kusan 8 cikin 10 na masu ita ba'a gano wani dalili takamaimai, sai dai tana bin jini a wasu gidajen. Yawanci kuma bata ciwo, shi yasa take girma a ɓoye, ballantana mu da yaranmu mata ke cikin hijabi da zani tun suna ƙanana, uwa sai ta shekara biyu bata ga bayan 'yarta a buɗe ba tunda ta daina mata wanka.

Akwai gwajin da zaki iya yi yau ɗinnan a ɗaki. Ki rufe ƙofa, ke da ita kawai, inda haske yake sosai, ta cire riga ko ta bar singileti, ba takalmi. Ta tsaya yadda ta saba tsayawa, kar kice ta gyara. Ki tsaya bayanta ki duba kafaɗu, ki duba allunan kafaɗa, sannan ki duba ratar dake tsakanin hannunta da ƙugunta, zakiga gefe ɗaya ratar tafi faɗi in akwai karkata. Sai ta haɗa ƙafafu, gwiwa a miƙe, ta sunkuya kamar zatayi ruku'u, amma kar ta dafa gwiwa, ta haɗa tafukan hannu ta sake su suna lilo ƙasa, kai ma a sake. Ke kuma ki rusuna ta baya har idonki yazo daidai da gadon bayanta, ki kalla kamar mai duba ko tebur ya daidaita. In gefe ɗaya na haƙarƙari ko na ƙugu yayi tudu ya fi ɗayan, to alamar murɗewar kenan. Wannan gwajin wani likitan Ingila mai suna William Adams ne ya bayyana shi tun 1865 kuma har yau dashi likita zai fara in kun shiga. Bayan nan ki zaunar da ita kan benci mai tauri ki sake dubawa, dan wani lokacin ƙafa ɗaya ce tafi ɗaya tsawo sai ƙugu ya karkata baya ya bishi, irin wannan in an zauna sai ya daidaita, maganinsa kuma daban ne. Ki duba ƙannenta ma haka, musamman mai bi mata in mace ce. Amma fa ko me kika gani ko baki gani ba, gwajin ɗaki baya gaya miki girman abin, zuwa asibiti na nan daram.

Sannan ki tambayeta a hankali, ba cikin tsoratarwa ba: akwai ciwon baya da ke tada ta cikin dare? Ƙafa na mata sanyi ko nauyi ko jin kamar ana tsira mata allura, tana yawan tuntuɓe, fitsari ko bayan gida ya taɓa kufce mata? Ke kuma ki lura ko tana ramewa, zazzaɓin yamma, zufar dare, tari da ya ƙi tafiya, ko akwai mai tarin tibi a gidan. In akwai ko ɗaya cikin waɗannan kar ki jira sati, gobe da asuba ku tafi. Dalili shine tibi ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana cin ƙashin baya, kuma shine yake kawo yawancin ƙusumbi mai tsini ɗinnan da mutane ke tsoro, wanda baya ke karyewa gaba ya turo kamar gwiwa. Wancan cuta ce daban da magani daban, ƙwayoyi ne na watanni kuma kyauta ake bada maganin tibi a asibitocin gwamnati a Ghana. Daga abin da kika rubuta, ba ciwo ba rama, ban ga alamar shi bane, amma inaso ki san bambancin dan maigida ya haɗa su wuri ɗaya a ransa.

Yanzu ga abin da yasa na ɗauki wasiƙarki gaba da sauran na wannan satin. Shekara 12, bata fara al'ada ba. Wannan layin shine mafi nauyi a duk abin da kika rubuta. Karkacewar nan tana tafiya ne da girma, lokacin da yarinya ke harbawa sama takalmi na mata kaɗan duk bayan 'yan watanni, lokacin ne lanƙwasar ke iya ƙaruwa da sauri, kuma mafi saurin tsawon 'ya mace yana zuwa ne gab da fara al'ada, bayan ta fara sai ya dinga raguwa har ya tsaya nan da kamar shekara biyu. Kinga 'yarki tana tsakiyar wannan lokacin kenan, kuma 'yan mata sunfi maza yawan waɗanda tasu ke ƙaruwa har ta kai ga neman magani. Hausawa sunce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to a nan maganar ba misali bace, haka abin yake a ƙashi. Abin da za'a iya tsayarwa da rigar roba ta asibiti a shekara 12, in aka rufe shi a ɗaki har 16 ƙila ba sauran hanya sai aikin da baban yara ke gudu.

Ga yadda zaki bi. Ki fara duba katin inshorar lafiyarta ko yana aiki, in ya mutu ana sabuntawa ta waya da *929#. Kuje asibitin gwamnati na kusa daku, Manhyia ko Tafo duk basu da nisa da Aboabo, ki faɗawa likita kai tsaye cewa kafaɗa da haƙarƙarin 'yarki ba daidai suke ba kuma kina so a duba karkacewar ƙashin baya, ki nemi takardar turawa zuwa ɓangaren ƙashi a babban asibitin Komfo Anokye, Gee ɗinmu dai. Kar ki yarda a sallameku da maganin ciwon jiki kawai, tunda ba ciwo kuka kawo ba. Ki sa mata kaya mai sauƙin cirewa da singileti a ciki, ki gaya mata tun a gida cewa za'a ga bayanta kuma kina tsaye a wurin, kina da damar cewa a kawo nas mace ta tsaya in likitan namiji ne. Zasu sata ruku'un nan, wasu zasu ɗora wani ɗan ma'auni kamar na magina a kan tudun, zasu auna tsawon ƙafafu, su sata tafiya, su ƙwanƙwasa gwiwa, su duba fatar bayan ko akwai tabo ko gashi a wani wuri, su tambayeki al'ada da ko akwai mai irin haka a dangi.

Sai hoton ƙashi, kuma nan ne nakeso ki buɗe kunne. Hoton a tsaye ake ɗauka ba a kwance ba, dan in an kwanta lanƙwasar na raguwa ta ɓoye gaskiyarta, kuma ya ɗauko baya gaba ɗaya daga wuya zuwa ƙugu, ta baya da ta gefe. A kan hoton likita zai ja layi biyu, ɗaya a ƙashin da yafi karkata a sama ɗaya a na ƙasa, ya auna kusurwar dake tsakani. Ana kiranta ma'aunin Cobb, sunan likitan Amurka da ya tsara ta a 1948, kuma da digiri ake faɗa. Sai ta kai digiri 10 ake kiranta wannan larurar ma. Kar ki fito ɗakin nan baki ji lambar ba. Kice likita digiri nawa ne, ki rubuta a takarda da kwanan wata, ki ɗauki hoton da wayarki. Tambaya ta biyu, girma nawa ya rage mata? A hoton ɗaya suna duba saman ƙashin ƙugu su bada lamba daga 0 zuwa 5, alamar Risser suke ce mata, 0 na nufin da sauran girma sosai, 5 ƙashi ya gama. Waɗannan lambobi biyu, digiri da saura girma, sune ke yanke komai. In likita yaga wani abu da bai saba ba, kamar lanƙwasar saitin ƙirji ta kalli hagu maimakon dama, ko ciwo mai tsanani, ko raunin ƙafa, zai iya cewa ayi wani hoton na daban da ake kira MRI dan a duba laka, kar hankalinki ya tashi in ya faɗa, kuma ba kowace yarinya ake wa ba.

In lambar ƙasa da 25 ce, yawanci sa ido ne kawai, ku dawo duk wata 4 zuwa 6 a sake aunawa, kuma yara da yawa a nan tasu ke tsayawa har su girma ba'a musu komai ba. Dan Allah kar kiji an ce ba magani yanzu ki ɗauka an sallameku, dawowar itace maganin, sai an ga ƙarin da ya wuce digiri 5 tsakanin hoto biyu ake cewa tana tafiya. In tsakanin 25 ne zuwa 40 ko 45 kuma da sauran girma, sai riga, wata rigar roba mai tauri da ake gwada jikin yarinya a ƙera mata ita kaɗai, ana sawa ƙarƙashin kaya. Rigar bata miƙar da baya ya koma kamar da, aikinta ta hana ƙaruwa har ƙashi ya gama girma. Kuma tana aiki, wani babban bincike da akayi a Amurka da Kanada aka fitar a 2013 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na yaran da suka sa rigar sun gama girma basu kai matakin aiki ba, waɗanda aka sa wa ido kawai kashi 48, kuma waɗanda suka fi daɗewa da ita a jiki kullum, sama da awa 13, sune suka fi dacewa. Ba zan ɓoye miki ba, sa roba har awa 18 a rana a zafin Kumasi ba wasa bane ga 'yar 12, akwai zufa akwai kuka akwai ranar da zata cire ta cusa ƙarƙashin gado, amma na 'yan shekaru ne kuma hijabinmu ma yana rufe ta tsaf. Aiki sai lanƙwasa ta kai wajen 45 zuwa 50 ake fara maganarsa, dan wadda ta wuce 50 takan cigaba da ƙaruwa a hankali ko bayan an girma, manya sosai kuma suna takura numfashi. Kuma ko an kai can, a ƙasar nan ake yi. Akwai asibitin FOCOS a Pantang kusa da Accra, an buɗe shi a 2012, wanda ya kafa shi Farfesa Oheneba Boachie-Adjei haifaffen Kumasi ne kuma ya shekara da shekaru yana wannan aikin a New York, har daga wasu ƙasashen Afirka ake kawo musu yara. A Nsawam kuma akwai cibiyar da ke ƙera kayan tallafin jiki da ƙafar roba tun 1961. Likitan Gee ne zai nuna muku inda ya dace, na faɗa ne dan ki san ba'a jeji kike ba.

To baban yara. Kar ki ɗauke shi maƙiyin maganar, tsoro ne irin naki ya fito masa ta wata ƙofar. Kuma bai yi ƙarya ba, zango ba'a sirri, na tashi a gidan haya mai ɗaki goma sha, nasan yadda magana ke fita daga bakin famfo ta isa Asawase kafin azahar. Amma ki nuna masa lissafin a hankali, da daddare bayan yaci abinci yara sunyi barci, ba gaban Hajiya ba. Abin da yake so a ɓoye, in ƙarami ne aka kama shi yanzu, shine zai ɓoyu. In aka barshi ya girma ba hijabin da zai rufe shi ranar da ƙawaye zasu sa mata lalle. Kice masa ba yanka kika ce ayi ba, hoto ɗaya kike roƙo, hoto baya yanka kowa, kuma ba likitan da zai taɓa 'yarsa da wuƙa sai da sa hannunsa. In zai yarda ya tsaya bayanta ya kalli ruku'un nan da idonsa to yafi, gani ya kori ji. Zuwa asibiti ma ai ba sai an yi shela ba, ku biyu ku hau trotro da safe, wanda ya tambaya kice duba lafiya zakuyi, kuma gaskiya kika faɗa. Maganar aure kuwa ki kwantar masa da hankali, mata masu wannan larurar suna aure, suna ɗaukar ciki, suna haihuwa kamar kowa, bata taɓa mahaifa, ba'a ɗaukarta daga wani kuma ba'a shafawa wani. In duk da haka ya kafe, ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa kuma mai riƙe baki, yayansa ko limamin masallacinsu, ko wani nas a cikin dangi. Ina fata ba za'a kai nan ba, amma in sati biyu uku suka wuce ana ja, ki faɗa masa a fili da ladabi cewa ranar kaza zaki kai yarinya a duba ta kuma kina so ya rakaku. Bana so kiyi a ɓoye dan in riga ta zama dole ba yadda zaki ɓoye masa, amma kuma bana so watanni su tafi a jiran ya sauko.

Hajiya kuma jikarta take so, kuma abin da ta sani ta kawo. Ki raba maganarta biyu. Addu'a da rubutu da sadaka, ki karɓa hannu biyu ki gode, ki ce mata ita zata riƙe muku wannan ɓangaren, tsoho in an bashi nasa aikin yakan bar miki naki. Amma ja da ɗauri da murza da ƙarfi, ko tsaga ko ƙaho a bayan, wannan kam a'a. Ɗori na karaya ne, nan ba abin da ya karye balle a haɗa, ƙasusuwan ne suka girma a murɗe, ba hannun da zai ja su su koma, kuma laka na bi ta cikinsu. Ko bai ji mata rauni ba zai cinye muku wata shida ana zuwa ana dawowa, wata shidan da bamu dashi. Kice mata Hajiya bari a ɗauki hoto tukun mu san me muke roƙon Allah a kai. Zai fi kyau ma ɗanta ne zai faɗa mata, ba ke ba.

Ƙwayar mai kanti bata miƙar da baya, ki nunawa likita in yace a cigaba to, in ba haka ba ki adana kuɗinki na mota. Motsa jiki kuwa kar ki hanata, tayi wasanta tayi ampe da ƙawayenta tayi sallarta yadda ta saba, in likita ya tura ku gun masu gashin ƙashi akwai atisaye na musamman da suke koyarwa, amma shima baya maye gurbin awo ko riga. Tallan, duk da bashi ya kawo ba, ni dai da zaki rage mata nauyin tiren ko ki sauke mata gaba ɗaya in da hali da naji daɗi, dan yanzu tsayuwa bakin titi mutane na kallonta wani nauyi ne daban a ranta. Kuɗi kuma ki shirya, ki tambayi nawa ne hoton kafin ranar, kuma ki sani inshora bata ɗaukar kayan tallafi irin rigar nan, in aka ce riga ki nemi ofishin walwala na asibitin ki faɗa musu halinku ba kunya, ki kuma roƙi 'yan adashinku su baki ɗauka da wuri, ba sai kin faɗi dalili dalla dalla ba.

Na bar yarinyar a ƙarshe ne dan itace tafi tsaya min a rai. Hijabin nan da bata cirewa ko a ɗaki, ta riga ta ji komai, taji madam, taji Hajiya na cewa iska, ƙila taji babanta yace ƙusumbi, kuma ba wanda ya zaunar da ita ya mata bayani, tana can tana tsarawa kanta abin da yafi gaskiyar muni. Kafin gwajin ruku'un, kafin asibiti, ki kirata ki zaunar kusa dake ki ce mata faɗan da nake miki na tsayuwa ban sani bane, ba laifinki bane, kiyi haƙuri. Uwa bata raguwa dan ta faɗi haka. Ki gaya mata abin yana da suna, yara da yawa suna dashi, likita zai auna ne kawai, kuma duk abin da aka ce tare zakuyi. A gaban likita ki barta ta amsa da bakinta tayi tambayarta, dan in riga ce ita zata sa ba ke ba, kuma yarinyar da aka yi shawara da ita tafi riƙewa. Ki hana ƙannenta tsokana tun yanzu. Sannan ki koma gun madam ki roƙeta ta gyara rigar sallar nan daidai jikin yarinyar, ta ɗan ɗage gefen da ya sauka ta sa soso a kafaɗar hagu, masu ɗinki sun iya wannan, inaso ta samu kaya ɗaya da zata sa ta kalli madubi taji daɗi.

In kun dawo daga Gee ki rubuto min lambobin nan biyu, digirin da kuma saura girman, da abin da likita yace, sai mu duba mataki na gaba tare. Allah ya bata lafiya, ya sanyaya zuciyar babanta, ke kuma ya baki barci yau.